Kokowar jami'o'in Amurka: yadda Penn State da Ayowa ke farautar samari aji-aji

Duk wanda ya taɓa zama filin kokowa na Maraɗi ko na Tawa lokacin gasar takobi ya san kowace jaha cikin jahohi 8 na ƙasarmu tana kawo ƴan kokowa 10, ya kuma san ba a aza kowa bisa sikeli kafin ya shiga fili. Siriri yana iya gamuwa da ƙato, in dabararsa ta fi ƙarfin ƙaton ya kai shi ƙasa, jama'a su tashi da sowa. A jami'o'in Amurka ma mutum 10 ƙungiya take fiddawa, amma a can goman nan aji 10 ne na nauyi, kowane aji mutum guda. Jami'ar da ke da zarumai uku masu nauyi ɗaya, guda kaɗai za ta iya sawa, biyu su zauna kallo; wadda kuma ba ta da kowa a wani aji, to ta ba abokiyar hamayyarta maki kyauta.

Saboda haka rabin kokowar ana yin ta ne tun kafin a hau katifa. Ana yin ta cikin gidajen iyayen ƴan lise, inda masu horarwa ke zuwa neman yaro mai shekara 16, suna duban kafaɗunsa da tsawon ubansa domin su gane nauyin da zai kai bayan shekara huɗu. Babu inda wannan farauta ta fi zafi kamar tsakanin gida biyu: jami'ar Ayowa, da jami'ar jahar Pensilbaniya wadda aka fi sani da Penn State.

Gida biyu, tushe ɗaya

Ayowa ita ce tsohuwar sarauniya. Ta ci kofinta na farko na ƙasa a 1975, shekarar da aka buɗe gasar kokowa ta ƙasa a Tawa. Bayan haka Dan Gable ya karɓi ƙungiyar, mutumin da ya ci zinariya a wasannin Olimfik na Munik a 1972 ba tare da an samu ko maki ɗaya a kansa ba. Daga 1976 zuwa 1997 ya kawo kofi 15, tara daga ciki a jere, 1978 zuwa 1986. Almajirinsa Tom Brands, mai zinariyar Atlanta ta 1996, ya zama shugaban masu horarwa a 2006, ya ƙara kofi a 2008, 2009, 2010 da 2021. Jimillar kofunan gidan ta kai 24, kuma jami'ar jahar Oklahoma kaɗai, mai 34, ta fi ta. Jama'ar garin kuwa ba su da wasa da kokowa: a watan Nuwamba 2015 an shimfiɗa katifa tsakiyar filin ƙwallo, mutum 42.287 suka zo kallon karawa ɗaya.

Penn State kuwa, kafin 2009 kofi ɗaya tak gare ta, na 1953, alhali jahar Pensilbaniya tana cikin wuraren da suka fi haihuwar ƴan kokowa a Amurka. Yaran jahar sai su watse zuwa wasu gidaje. A watan Afrilu 2009 ta ɗauko Cael Sanderson, wanda lokacin yana ɗalibi ya yi kokowa 159 ba a kada shi ba ko sau ɗaya, ya kuma ci zinariya a Olimfik na 2004. Daga 2011 zuwa 2025 an yi gasar ƙasa sau 14, domin ta 2020 an soke ta saboda annobar korona. Penn State ta ɗauki 12 daga ciki. Abin da zai ba mai karatu dariya shi ne Gable da Sanderson duka biyu a makaranta ɗaya suka yi ɗalibta, jami'ar jahar Ayowa da ke garin Ames, wadda ita ma kishiyar Ayowa ce ta cikin gida.

Sikeli da abin da ya jawo

Azuzuwan nauyi ana ƙidaya su da laba: 125, 133, 141, 149, 157, 165, 174, 184, 197 da 285. Da kilo, na ƙasa ya kama kusan 57, na tsakiya 71 zuwa 75, na tara kusan 89, na ƙarshe kuwa har 129. Waɗannan lambobi ba haka kawai aka tsara su ba. Tsakanin Nuwamba da Disamba 1997 ɗalibai uku ƴan kokowa, a jami'o'i uku dabam-dabam, suka rasu suna ƙoƙarin rage nauyi kafin awo: ba ci ba sha, ga rigar roba, ga motsa jiki cikin ɗaki mai zafi. Hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ta hana rigar roba da ɗakin gumi, ta ƙara laba 7 ga kusan kowane aji, har na ƙasa ya tashi daga 118 ya koma 125, ta kuma matso da awo kusa da lokacin kokowa, domin wanda ya busar da jikinsa kada ya samu lokacin farfaɗowa ya ci riba. A farkon kowace shekara ana gwada ruwa da kitsen jikin ɗalibi, a yanke masa mafi ƙarancin nauyin da zai iya sauka, kuma ba a yarda ya rage fiye da kashi 1,5 cikin 100 na nauyinsa a mako ba.

Wannan doka ta ceci rayuka, ta kuma canza aikin mai horarwa. A da in ya samu zarumai biyu a aji ɗaya, yana iya matsa ma guda ya sauka. Yanzu hanyar sauka ta ƙuntata, hanyar hawa ce a buɗe. Dole ya yi hasashe tun yaro yana lise, kuma hasashen jikin saurayi ba ya da tabbas.

Aji biyu na bakin layi su suka fi wuyar cikawa. Namiji mai shekara 22 wanda har yanzu bai wuce kilo 57 ba, kuma yana da ƙarfin kokowa, ba kullum ake samunsa ba. Yawancin waɗanda suka shigo a 125, shekara ɗaya ko biyu jiki ya tura su 133. A can sama kuma, tsakanin 197 da 285 akwai tazarar kilo 40, sa'annan duk wani ƙaton yaro mai sauri, masu ƙwallon Amurka sun riga sun zo ƙofar gidansu da tayin da ya fi na kokowa.

Jarin 9,9 ga rumfa 10

Ɗan kasuwa zai fi kowa gane wannan. Shekara da shekaru, har zuwa 2025, doka ba ta yarda wata jami'a ta raba fiye da burs 9,9 ga ƙungiyarta ta kokowa ba. Aji 10 ne, amma cikin ɗakin horo akwai samari 30 ko fiye, domin kowane zarumi yana bukatar abokin gwaji da mai maye gurbinsa in ya ji rauni. Sai a riƙa yanka burs ɗin gunduwa-gunduwa: wannan rabi, wancan rubu'i, wani kuɗin littattafai kawai, wani kuma ya zo da aljihun ubansa. In aka ba yaro guda cikakkiya, to an rage ma wasu uku. Kuma da yake jami'o'in jaha suna sauƙaƙa kuɗin karatu ga ƴan jaharsu, rabin burs ga ɗan gida ya fi auki bisa rabin burs ga baƙo. Nan Penn State take da gata, domin gonarta ta fi ta Ayowa yawan amfani.

Tambayar da ke gaban kowane mai horarwa ita ce: ya baza jarin daidai wa daida cikin rumfuna 10, ko ya tara shi cikin biyar ko shida ya bar sauran da abin da ya samu? Amsar tana cikin yadda ake lissafin maki, kuma lissafin iri biyu ne.

A karawa ta gida da gida, kowane aji kokowa ɗaya ce ta minti 7. Wanda ya yi rinjaye da maki ya kawo ma ƙungiyarsa 3. In tazarar ta kai 8 ya kawo 4. In ta kai 15 a tsaida kokowar ya kawo 5. In ya danne kafaɗun abokin karawarsa biyu a ƙasa, wanda shi ne kaye na sosai a wurinsu, ya kawo 6. A nan giɓi yana da tsada. Amma kofi ba a nan ake ɗaukarsa ba. Ana ɗaukarsa a gasar ƙasa ta watan Maris, kwana uku, mutum 33 a kowane aji. Na ɗaya yana da maki 16, na biyu 12, na uku 10, haka har na takwas mai 3. Akwai ƙarin maki ɗaya ga kowane zagaye da mutum ya tsallake tun ba a rinjaye shi ba, da ƙarin 2 ga kayen kafaɗa, 1,5 ga tazarar 15, 1 ga tazarar 8. Ke nan zarumin da ya ci ajinsa yana kawo 20 ko da bai yi wani abin a-zo-a-gani ba, in kuwa mai danne mutane ne yana iya kusantar 30. Wanda ya zo na takwas da ƙyar yake wuce 5 ko 6. Zarumi guda mai kaye ya fi matsakaita huɗu.

Sanderson ya gina gidansa bisa wannan lissafi. Ba wanda zai yi rinjaye da maki ɗaya yake nema ba, mai zuba maki yake nema, kuma ya tara su a tsakiya da sama, inda samari suka fi yawa kuma jiki ya fi tsayawa. A gasar 2017 yaransa suka ci aji biyar a jere a daren ƙarshe: Zain Retherford a 149, Jason Nolf a 157, Vincenzo Joseph a 165, Mark Hall a 174, Bo Nickal a 184. A ajin 125 kuwa, a wannan gasar ba su samu ko maki ɗaya ba, kuma bai hana su kofi ba.

Ba wannan ce kaɗai hanya ba. A 2001 jami'ar Minesota ta zo har cikin zauren Ayowa ta ɗauki kofin ƙasa ba ta da zarumi ko guda da ya ci ajinsa, amma duka goman nata sun shiga takwas na farko. Ayowa mai zarumai biyu a wannan shekara ta tsaya ta biyu.

Tsani da shekarar ajiya

Ɗalibi yana da shekara biyar da zai yi kokowar shekara huɗu cikinsu. Ɗayar shekarar ajiya ce: yana karatu, yana horo, amma ba ya kokowa da sunan ƙungiya. Mai horarwa yana amfani da ita kamar yadda manomi ke riƙe hatsi cikin rumbu har farashi ya tashi.

A kakar 2014-2015, bayan kofi huɗu a jere, Sanderson ya ajiye Retherford da Nico Megaludis, waɗanda duka sun riga sun gwada kansu a gasar ƙasa, ya kuma ajiye sababbin shiga Nolf da Nickal. Penn State ta faɗo ta shida, kofin ya tafi jami'ar jahar Ohayo. A ganina wannan ita ce shawara mafi ƙarfin hali da ya taɓa yankewa, domin ya sayar da shekara ɗaya ya sayi huɗu: 2016, 2017, 2018 da 2019 duka nasa ne.

Sai kuma tsani. Nickal ya fara a 174 a 2016. Da Hall ya iso, wanda shi ma 174 ne, Nickal ya hau 184 ya ci sau biyu, a 2019 ya ƙara hawa 197 ya ci. Shi kansa Hall an yi niyyar ajiye shi, sai a watan Janairu 2017 aka fiddo shi, kuma ba a fiddo shi ko'ina ba sai a zauren Ayowa, gaban jama'ar da ba ta san tausayin baƙo ba. Alex Meyer na Ayowa ya rinjaye shi a wannan dare. Bayan wata biyu Hall ya zama zarumin ƙasa. Anthony Cassar ya rasa gurbinsa na 197 a hannun abokinsa na ɗaki a 2018. Maimakon ya bar gidan, ya ƙara nauyi ya shiga ajin ƙatta, ya ci shi a 2019. Aaron Brooks ya ci 184 sau uku ya hau 197 ya ci na huɗu a 2024. Carter Starocci ya ci 174 sau huɗu, ya hau 184 a 2025 ya ci na biyar, da yake shekarar korona ba a ƙidaya ta ba. Levi Haines kuwa ya tsallako daga 157 ya zauna gurbin da ya bari. Kowane hawa yana buɗe ma wani yaro ƙofa, kuma yaron tun yana lise aka nuna masa wannan ƙofa da shekarar da za ta buɗe.

Tsanin yana da waɗanda yake takawa. Beau Bartlett nauyinsa na 141 ne, amma ya yi shekara biyu yana fama da waɗanda suka fi shi jiki a 149 domin Nick Lee yana riƙe da gurbin. Sai da Lee ya gama sa'annan ya sauko ya shiga uku na farko shekara uku a jere. Akwai kuma wanda bai jira ba. Bubba Jenkins ya kai ma Penn State wasan ƙarshe a 2008, kafin zuwan Sanderson. Sabon maigida ya zo da yaronsa David Taylor, ɗan Ohayo da ya riga ya yi masa alkawari tun yana Ames. Jenkins da Sanderson ba su jitu ba, Jenkins ya koma jami'ar jahar Arizona. A daren ƙarshe na gasar 2011, a ajin 157, su biyun suka gamu, Jenkins ya danne kafaɗun Taylor a ƙasa. Penn State ta ɗauki kofi a wannan dare, amma kowa ya ga ramuwar.

Ayowa ta shiga gonar maƙwabci

To me Brands zai yi da abokin hamayya irin wannan? Ayowa jaha ce ta manoman masara, jama'arta ba su kai rubu'in na Pensilbaniya da yawa ba. Sai ya tafi can ya yi kiwo. Wani tsohon ɗan kokowar Ayowa, Jody Strittmatter, yana da kulob na horar da yara a yammacin Pensilbaniya, mai suna Young Guns, kuma daga nan manyan yara da dama suka fito, har da Nolf na Penn State. Ta wannan hanya Ayowa ta samu Michael Kemerer, sa'annan a 2016 ta samu babban kamu, Spencer Lee, yaron da kowace jami'a take so, wanda uwarsa Bafaransa ce ƴar wasan judo. Lee ɗan 125 ne na gaskiya, irin wanda jikinsa ba zai gudu sama ba.

Dubi yadda kamu ɗaya ya yi aiki biyu. Ya cika ajin da ya fi wuyar cikawa a Ayowa na shekaru, ya kuma hana Penn State shi. Ita Penn State ta ɗauko Nick Suriano daga jahar New Jersey, ya ji rauni a ƙafa daf da gasar 2017, bayan haka ya koma jami'ar Rutgers ta jaharsu. A wasan ƙarshe na 2018 a ajin 125, Lee na Ayowa da Suriano na Rutgers ne suka kara, Lee ya ci. Daga 2017 har 2024 Penn State ba ta sa kowa cikin takwas na farko a wannan aji ba.

Kaka ta nuna a 2020 da 2021. Ranar 31 ga Janairu 2020 Ayowa ta rinjayi Penn State da 19 da 17 a gida, bayan Kemerer ya doke Hall. Kowa na ganin kofin shekarar nata ne, sai annoba ta sa aka soke gasar ana saura kwanaki. A 2021 suka dawo da kusan mutanen nan duka. Biyar cikin goman ƴan Pensilbaniya ne: Lee, Austin DeSanto, Max Murin, Kaleb Young da Kemerer. Shi DeSanto shi ne ya hana Lee kofinsa na huɗu na ƴan lise a 2017, ga shi sun zama ƴan ɗaki ɗaya, wannan a 125 wancan a 133. A daren ƙarshe Penn State ta ci aji huɗu, biyu daga ciki a kan ƴan Ayowa: Nick Lee ya rinjayi Jaydin Eierman, Starocci ya rinjayi Kemerer. Ayowa ta ci aji ɗaya kawai, ta hannun Spencer Lee, wanda ya yi gasar da jijiyoyin gwiwa biyu a tsinke. Amma da aka haɗa lissafi, Ayowa tana da 129, Penn State 113,5. Faɗin ƙungiya ya rinjayi tsininta.

Sau ɗaya aka yi haka. Ƙungiyar ta Ayowa manya ne da suka nuna tare, suka kuma tsufa tare. Raunuka suka biyo baya, Lee bai gama kakar 2022 ba, a 2023 kuma Matt Ramos na jami'ar Purdue ya danne shi a wasan kusa da na ƙarshe. Huɗun nan na Penn State kuwa duka sun dawo a 2022 sun sake cin azuzuwansu. Brands ya tara amfanin shekara ɗaya, Sanderson yana da shuka a kowane mataki. Daga wancan dare na Janairu 2020 har ƙarshen kakar 2024-2025, Penn State ta yi karawa fiye da 70 a jere ba a rinjaye ta ba.

Akwai wani abin jan yara da ba ya cikin lissafin burs. Kusa da kowace babbar ƙungiya akwai kulob na manya masu shirin Olimfik, waɗanda ke horo cikin ɗaki ɗaya da ɗalibai. Yaro mai shekara 17 yana tambaya: da wa zan riƙa gwada ƙarfi kowace safiya? A 2020 Thomas Gilman, wanda ya riƙe ma Ayowa ajin 125 kafin Lee, ya bar kulob ɗin Ayowa ya koma na Penn State, ya ci tagulla a Tokiyo a 2021, inda Taylor ya ci zinariya. Ayowa ta mayar da martani da gini: sabon gidan horo na dalar Amurka miliyon 31 da aka buɗe a 2024. Lee ya kawo mata azurfa daga Olimfik na Paris a wannan shekara.

Kasuwa ta canza

A 2006, da Brands ya baro jami'ar Virginia Tech zuwa Ayowa, yara biyar da ya ɗauka can suka biyo shi, cikinsu har da Brent Metcalf. Tsohuwar makarantar ta ƙi sakin su, suka yi asarar shekara guda ta kokowa. Haka doka take a lokacin: canza gida yana da tara. Wannan zamani ya wuce. A 2018 aka buɗe rajistar masu neman canjin jami'a, a 2021 aka yarda ɗalibi ya canza ba tare da zaman jira ba, a watan Yuli na shekarar kuma aka halatta masa karɓar kuɗi da sunansa da hotonsa. A watan Yuni 2025 wata alƙaliyar tarayya ta amince da sulhun da ya ba jami'o'i damar biyan ƴan wasansu kai tsaye, har kimanin dalar Amurka miliyon 20,5 a shekarar farko ga dukan wasanni, ko da yake ƙwallon Amurka da ƙwallon kwando ke cinye mafi yawa. Ga jami'o'in da suka shiga tsarin, iyakar 9,9 ta faɗi, aka maye ta da iyakar mutum 30 a ƙungiya. Mai hali yana iya biyan karatun talatin ɗin duka. Marar hali, cikin jami'o'i kimanin 80 da ke kokowa a babban rukuni, sai ya horar da yaro shekara biyu ya ga an ɗauke shi.

Ma'anar haka ga lissafin azuzuwa a fili take. A da giɓi yana bukatar shekara uku kafin a cike shi, yanzu wata uku ya isa. Penn State ta ɗauko Max Dean daga Cornell, ya ci 197 a 2022, kuma Jacob Warner na Ayowa ya rinjaya a wasan ƙarshe. Ta ɗauko Greg Kerkvliet daga Ohayo, ya ci ajin ƙatta a 2024, shekarar da ta tara maki 172,5 ta karya tarihin 170 da Gable ya kafa a shekararsa ta ƙarshe, ta kuma bar ta biyu a baya da maki 100 cif. Amma in aka lura, a wurinta sayen na toshe rami ne, ginshiƙan gidan daga lise ta ɗauko su. Ayowa kuwa ta fi jingina ga kasuwa: Real Woods daga Stanford, Michael Caliendo daga Dakota ta Arewa, Stephen Buchanan daga Oklahoma, da wasunsu. Sayen zarumi gamamme yana kawo maki nan take, sai dai shekara ɗaya ko biyu zai yi, kuma yaron gida da ya yi shekara uku yana jiran gurbin yana ganin abin da aka yi masa, ƙannensa na lise ma suna gani. Alkawarin yaran lise shi ma ya yi sauƙin warwarewa: Bo Bassett, wani ɗan Pensilbaniya da ake ji da shi, ya ce Ayowa zai tafi a watan Fabrairu 2025, a watan Yuni ya janye.

Gasar Maris 2025 a Filadelfiya ta nuna inda kowa ya tsaya. Penn State ta cike ramin 125 da sabon shiga Luke Lilledahl, wanda ya zo na uku, ta tura Braeden Davis da ke wurin zuwa 133. Duka goman suka shiga takwas na farko, abin da ba a ƙara gani ba tun Minesota ta 2001, makinsu ya kai 177. Nebraska ta zo ta biyu da 117. Ta uku jami'ar jahar Oklahoma ce, a hannun sabon mai horarwarta David Taylor, almajirin Sanderson, wanda zarumansa biyu na wannan dare duka daga wasu jami'o'i ya ɗauko su. Ayowa ta zo ta huɗu da 81. Gidajen biyu sun gamu sau biyu a daren ƙarshe: a 165 Mitchell Mesenbrink na Penn State, wanda ya fara karatu a wata ƙaramar jami'a ta Kalifoniya, ya rinjayi Caliendo, a 197 Buchanan, wanda Ayowa ce jami'arsa ta uku, ya rinjayi Josh Barr na Penn State. Cikin su huɗun, Barr kaɗai ne yake kokowa a gidan da ya ɗauke shi daga lise.